Takwaran Baba na Ƙasa

Kwanakin baya wata ƙawata mai juna biyu ta zo gidanmu a Largo, ta miƙe ƙafa a kujera tana ta murza waya da yatsa. Na ɗauka labarai take dubawa, ashe suna take nema wa abin da ke cikinta. Wai akwai wuraren da ake shiga a waya a jera wa mutum sunaye ba iyaka, kowanne da ma'anarsa, da asalinsa, da ko ana yayinsa ko an daina. Ta karanta wannan ta taɓe baki, ta karanta wancan ta ce ya yi yawa a gari, kamar mai zaɓen atamfa. Na bar ta tana ta zaɓenta, dama ni tun ina ƙarama maganata ba ta da yawa. Amma bayan ta tafi na daɗe a zaune. Lokacin da na taso, ko a nan Amurka, ba a waya ake samo suna ba, a jikin mutum ake ciro shi. Wanda ya haife ka, ko ya karantar da kai, ko ya yi maka halacci ranar da ba ka da kowa, shi ake yi wa takwara. Shi ya sa a gidanmu na mutanen Kano akwai yaro mai sunan da ko a ƙasar masu sunan da wuya a ji shi.

A Wheaton muka fara zama, a wani gini na jan bulo mai hawa uku, wanda yanzu an rushe shi an ɗora dogo mai gilasai a wurinsa. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasawa da asuba kamar baƙo mai haƙuri. Ina jin ƙamshin kowace ƙofa a barandarmu: Habashawa suna soya gahawa, masu jin Sifaniyanci suna gasa masara, mu kuma daddawarmu ta fi ta kowa nisan zango. Abba yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, can cikin ofisoshin gwamnati, kullum da sassafe yake fita ya kama jirgin ƙasa. Ni ce ƙafar Umma kuma bakinta. Ni nake karanta mata wasiƙun da ake turo wa gida, ni nake fitar da shara, ni nake sauka da kwandon kaya ɗakin wanki na ƙarƙashin gini, inda injina ke kurma ihu yini guda. A makaranta kuwa malamai har takarda suka rubuto gida wai ba sa jin muryata. Umma ta ce a gaya musu kunya ba ciwo ba ce.

A hawa na ƙasa akwai wani tsoho mutumin Folan, wanda ya yi shekaru yana gyaran famfo da wutar ginin kafin ya ajiye aiki. Shi ne mutum na farko da ya buɗe mana ƙofa a ƙasar nan. Abba ya riga mu zuwa, ya kama hayar gidan, ya ɗauko mu daga filin jirgi ni da Umma ana gobe Kirsimeti, da yamma, ana zuba dusar ƙanƙara. Muka iso makulli ya ƙi buɗe ƙofa, ofishin masu gida a rufe, ni kuma da takalmin roba a ƙafata. Muna tsaye a baranda da akwatuna sai ga tsohon nan ya leƙo, dogo, ya ɗan ranƙwafa, da tarin makullai a ƙugunsa. Bai tambaye mu komai ba, ya ɗauki akwatin Umma ya yi gaba. Abin da ban manta ba, shi kaɗai ne a gidan, amma faranti biyu ne a jere a teburinsa. Daga baya ya gaya mana al'adarsu ce, a irin wannan rana ana ajiye faranti ɗaya ba kowa, ko Allah zai jefo baƙo. Ya ce shekara da shekaru yana ajiyewa yana ɗaukewa a bushe. Ya ƙaro biyu. Umma ta naɗe hannu tana tsoron naman alade, shi kuma ya riƙa buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata, kifi ne da kabeji da wata jar miya, ba nama ko ƙwaya. Ta ci kifi da burodi. Bayan mun ci ya hau da kayan aikinsa ya buɗe mana ƙofarmu. Tun daga ranar Umma ta sa masa Baba na ƙasa, Abba ma haka yake ce masa, kuma ba a taɓa sauke tukunya a gidanmu ba tare da an zuba nasa a kwano an ba ni in kai ba.

Maƙwabta Dog suke ce masa, sunan da abokan aikinsa suka yanke masa tun yana saurayi don nasu bakin ya huta. Ni ce na fara lura a jikin akwatin wasiƙunsa ba haka aka rubuta ba. Suna ne dogo, an rubuta da hannu, tawadar ta koɗe. Na yi shekaru ina wucewa ina karanta shi a zuci, ban taɓa tambaya ba.

Ina aji shida Umma ta haihu, bayan an daɗe ana jira har an fara cire rai. Namiji. Kwana biyu da haihuwa Abba ya gaya wa abokansa a falonmu cewa zai yi wa Baba na ƙasa takwara. Akwai wani abokin aikinsa mutumin Nijar da muke ce wa Kawu, mai cusa Faransanci a zance, shi ya fara magana.

“Bon, aboki, alheri dai an yi shi, ba wanda ya musa. Amma suna linzami ne. Ka san inda wannan zai ja yaro? Kai kanka ka iya faɗarsa?”

“Na iya rubuta shi,” in ji Abba.

“Ji min mutum! Kullum yana rediyo yana kiran sunayen shugabannin duniya ba gargada, na maƙwabcinsa ya gagare shi.”

“Ba gagara ba ce. Ka taɓa jin na kama sunan ubana?”

Malamin da ke ja mana salla yana gefe yana jan carbi. Ya ce shi ba ya hanawa ba ya kuma sawa sai ya san ma'anar sunan, domin abin da ake gudu shi ne a liƙa wa yaro mummunar ma'ana ko sunan abin bauta. A bincika a kawo masa. Manya duk suna da aiki, sai aka waiwayo kaina, tunda ni ce mai katin laburare.

Washegari daga makaranta na wuce laburare. Na fi minti goma ina zagaya teburin matar da ke taimakon masu neman littafi kafin na iya miƙa mata takardar da na kwafo sunan a kai: Dobrogost. Ta ɗauko min littattafan sunayen jarirai masu kauri, muka duba, babu shi. Sai a wani tsohon littafi na sunayen mutanen gabashin Turai muka same shi, layi kaɗan. Na kwafe a littafin lissafina da kyakkyawan rubutu. Suna ne na mutanen Folan na dauri, tun kafin addinin Kirista ya je musu. Kalma biyu aka haɗa, ta farko alheri, ta biyu baƙo. Wasu sun ce baƙon kirki ke nan, wasu sun ce mai kyautata wa baƙo. A zamanin da manyan mutane sun yi ta amsa shi, daga baya aka bar shi, har ya zama sai an tona.

Da na dawo na tarar da Baba na ƙasa a matakala yana shan iska. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na nuna masa shafin. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Ya ce sunan kakansa ne, kakan ma na nasa kakan ya gada. Ya ce ko a garinsu yana yaro shi kaɗai ne mai shi, yara har tsokanarsa suke yi wai sunan mutanen kabari. Ɗansa ɗaya, yana wata jiha mai nisa, da ya haihu sunan Amurkawa ya sa. “Tun da matata ta rasu ba wanda ya kira ni da shi,” in ji shi. “Suna kamar famfo ne, yarinya. In ba a murɗawa, tsatsa yake yi.” Ya koya min yadda ake faɗa, gaɓa uku, ya riƙa buga min su a gwiwarsa. Na maimaita can ƙasan maƙoshi, ya ce bai ji ba, na gudu sama.

Da na karanta wa Malam abin da na kwafo, har da maganar cewa sunan ya girmi Kiristanci a ƙasar, don ban ga dalilin ɓoyewa ba, sai ya shafa gemu. Ya ce, “Mai kyautata wa baƙo. To ai mu ma cewa muke yi baƙonka annabinka. A sa wa yaro Ibrahim a gaba, shi ne uban masu karɓar baƙi, wannan ya biyo baya. Sun dace da juna.” Kawu ya ɗaga hannu ya ce wala, wato shi ke nan, shi ya sallama. Ranar suna aka yanko rago a wata gona a bayan gari, falo ya cika da hantsi, Baba na ƙasa ya hawo da farar riga da laktaye ya zauna a kujera guda da aka ba shi a tsakiyar masu zaman ƙasa. Abba ya miƙa wa Malam takarda. Malam ya faɗi Ibrahim da ƙarfi, ya zo na biyu ya yi tuntuɓe, ya dai fitar da shi da ƙyar. Na ga tsohon ya miƙe zaune sosai, kunnuwansa sun yi ja.

To daga nan ne muka yi kuskuren da sai mu za mu iya yin irinsa. A wurinmu, in ka yi wa babba takwara, ba ka kama sunan. Sakaya shi ake yi, don kada a wayi gari ana tsawa ana cewa wane sauka daga nan, wane ka yi fitsari, da sunan mutumin da ake jin nauyinsa. Kafin a share wurin suna Umma ta ce wa jariri Dattijo, kuma shi ke nan ya bi shi. Abba Dattijo, Kawu Dattijo, ni ma Dattijo. Mu a ganinmu mun kai girmamawa ƙarshe. Ba wanda ya tuna ya gaya wa mai sunan.

Da farko kullum sai ya hawo. Ya zauna ya ɗora yaron a cinya, in wani ya buɗe baki zai yi wa yaron magana sai in ga ya karkato kunne. A ce Dattijo, ya mayar da kai. Wata ya bi wata, ya koma hawowa ranar Lahadi kawai, daga baya ya ce gwiwa. Umma ta yarda gwiwa ce, har man zafi ta aika masa. Ni kuwa ina ganinsa yana hawa tsani yana gyara wa Habashawa fitila. Yaron ya shekara, ya fara tafiya. Wata rana na kai masa tuwo ya karɓi kwanon ya tsaya a bakin ƙofa.

“Iyayenki mutanen kirki ne,” in ji shi. “Sun sa a takarda don in ji daɗi. Ba laifi. Suna ne mai nauyi, ba wanda zai so a yi wa ɗansa dariya. Ki ce wa mamanki na gode, kuma ƙarshen watan nan ɗana zai zo ya tafi da ni can wurinsa.”

Na hau sama da wannan magana. Kwana uku tana cikina. Yaya yarinya za ta dubi uwarta ta ce mata kunyarki ta ɓata wa mutum rai? Ranar Asabar muka je kantin wata Hajiya 'yar Kumasi, inda muke sayen doya da manja da busasshen kifi. Umma tana ba ta labarin tafiyar Baba na ƙasa, tana cewa ko da me za ta sallame shi. Ina riƙe da kwando, sai kawai na ji bakina ya ce, “Umma, ya ɗauka kunyar sunansa muke ji. Ya ce don dariya muka ɓoye.”

Umma ta saki doyar da ke hannunta. “Wa ya ce? Mu? Innalillahi. Sunan da na ɗora a kaina?”

“Ei, yau kurma ta yi magana!” in ji Hajiya. “Ke ma ƙanwata, Bature ya san wata alkunya? Shi in bai ji a kunne ba, ba a yi ba. Ki je ki kira sunan a gabansa, magana ta ƙare.”

“Ni? In buɗe baki in kama sunan Baba? Haba Yaya. Wallahi harshena ba zai juya ba.”

“Ku Kanawa da kayan nauyi. To ke 'ya ce, na ji. Wannan fa?” Ta nuna ni da wuƙar yankan kifi. “Jika ce. Yaushe jika ta fara kunyar kaka? Ai abokin wasanta ne, ko mijinta ta ce masa ba mai hana ta.”

Da yamma Umma ta gaya wa Abba, ya sauka da kansa ya daɗe yana yi wa tsohon bayani. Ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce tsohon ya saurara da ladabi, ya ce ya gane, amma daga ƙarshe ya ce a garinsu abin da aka daina kira shi ne wanda aka binne.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta, Umma ta miƙo min kwandon wanki, ta goya min Dattijo, ta ɗora ayaba biyu a kan kayan. Ba ta dube ni ba ta ce, “Can ƙasa injina suna da ƙara. Ba mai jin ku.”

Haka muka yi mako biyu. In kunna injin, in ajiye yaro a wancan bango, in koma wannan, in kira shi da sunan. Da farko ko kallona ba ya yi, shi Dattijo ya sani. In ya waiwayo ko da tsautsayi ne, in ba shi ɓallin ayaba. Ƙarar injin ta rufe ni, har na saba da jin sunan yana fita daga bakina da ƙarfi, gaɓa uku, yadda aka buga min a gwiwa. Kafin mako ya ƙare yana jin gaɓar farko zai taho yana tangaɗi da baki a buɗe. Umma ba ta taɓa tambayata yaya ake ciki ba. Ayaba dai ba ta yanke a gidan ba.

Ranar tafiya da hantsi aka fito da kwalaye aka cika motar ɗansa. Maƙwabta sun taru a filin ajiye motoci, Kawu ya zo, Hajiya ta rufe kanti ta zo. Umma ta ba shi kular dambu da hula da Abba ya sa aka ɗinko daga gida. Ya bi kowa ya yi sallama, ya shafa kan yaron, wanda ya zame ya tafi bakin ciyawa yana tsintar tsakuwa. Tsohon ya juya ya kama ƙofar mota. Ni kuwa na san lokacin kiran sunan ya yi, amma na kasa. Nan ba injin, ba bango, mutane sun fi ashirin. Har tsohon ya saka ƙafa ɗaya a cikin motar. Sai na ji yatsun Umma a bayana, ta mintsine ni mintsinin da har yau ina iya nuna wurin.

“Dobrogost!”

Ban san ina da irin wannan murya ba, har tattabaru suka tashi daga kan rufi. Tsohon ya juyo da sauri kamar yaron da uwarsa ta kira. Ya dube ni, sai ya ga ba shi nake kallo ba. Ya bi idona. Ga ƙanena can ya watsar da tsakuwa ya taho da gudunsa na 'yan koyo, hannu a sama, baki a buɗe.

Ya fito da ƙafarsa daga mota. Ya ce, “Sake.” Na sake. Ya ce in ƙara, na ƙara. Sannan ya durƙusa a kan gwiwar nan da aka ce tana ciwo, ya kira sunan da kansa. Yaron ya tsaya ya dube ni, ya dube shi, ya tafi wurinsa ya kama hannunsa ya buɗe yana neman hakkinsa. Da ya ga ba komai ya ɓare baki zai yi kuka. Umma ta zaro ayaba daga jaka ta miƙa wa tsohon da hannu biyu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Wheaton, Kawu yana cewa a yi a hankali kada a kira mana 'yan sanda. Tsohon yana dariya hawaye na bin gemunsa. Na lura da ɗansa a gefen mota, leɓɓansa suna motsi, yana gwada faɗar sunan a hankali.

Ya yi 'yan shekaru a can kafin ɗan ya rubuto mana cewa ya rasu. Duk ranar Lahadi yakan bugo waya a gaisa, daga ƙarshe ya ce a ba shi takwara, su yi ta kiran juna da suna ɗaya suna dariya. Ƙanena ya girma yana rubuta sunansa cikakke a kowace takarda. Duk farkon shekara sai sabon malami ya yi tuntuɓe a kai, shi kuma ya miƙe ya buga masa gaɓa uku a tebur, ya gaya masa ma'anarsa ko ba a tambaye shi ba. Da ƙawata za ta nemi sunan a wayarta, na san abin da za a ce mata: tsoho ne, na Folan, ba a yayinsa. Ba za a gaya mata faranti biyu a teburin mutum ɗaya ba.

Umma kuwa har yau ba ta taɓa faɗarsa ba, ko sau ɗaya, kuma na tabbata ba za ta faɗa ba. Dattijo take cewa, ga shi ya fi Abba tsawo. Sai dai wani lokaci in na je gida, tana tuƙa tuwo shi yana sama a ɗakinsa, takan ce in kira mata shi. In na buɗe baki zan ce Dattijo sai ta ɗaga muciya.

“A'a. Da wancan. Na kwana biyu ban ji shi ba.”